Kalkwasa a tankin murjani: wace hoda za ka saya, kuma ta ina za ta shiga ruwa?

Duk wanda ya fara kiwon murjani mai ƙashi a tankin ruwan gishiri, ba ya rufa wata biyu sai ya lura da wani abu. Kifi lafiya lau, ruwa garau kamar babu shi, amma duk ranar gwaji sai ya ga alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, ya ɗan zame ƙasa, kalsiyam na biye da shi. Ba ciwo ba ne, murjanin ne ke ci. Da su biyun yake gina ƙashinsa, haka ita ma gansakukar nan mai tauri, mai launin shunayya, da ke lulluɓe duwatsu. A teku ba a jin giɓin ko kaɗan. A akwatin gilashi mai lita 200 kuwa, abin da aka ɗiba sai ka mayar da hannunka.

Hanyar da ta fi daɗewa a hannun masu wannan sha'awa ita ce kalkwasa. Kalmar Jamusanci ce, ma'anarta ruwan farar ƙasa, kuma wani mai suna Peter Wilkens ne ya yaɗa ta tun shekarun 1970. Ba komai ba ce illa hodar kalsiyam haidroksaid da aka narkar a tataccen ruwa har ruwan ya ƙoshi. Idan ta shiga tanki, kalsiyam ya tsaya a matsayinsa, shi kuwa haidroksaid ya cafke iskar kabon dayoksaid da ke cikin ruwa ya rikiɗe baikabonet, wanda shi ne alkaliniti. Suna kuma zuwa ne daidai gwargwadon yadda murjani ke cin su, wato kusan miligiram 20 na kalsiyam a kowace lita ga kowane 2.8 dKH, ma'aunin da ake auna alkaliniti da shi. Ga ƙari kuma: tunda tana shanye kabon dayoksaid, tana ɗaga pH, wato tana rage tsamin ruwa, abin da masu tanki a rufaffen ɗaki ke nema ido rufe.

Sabon shiga tambayarsa ɗaya ce, wace hoda ta fi? A ganina wannan ce tambayar da ta fi sauƙi, kuma ita ce ba ta cika canza komai ba. Abin da zai raba gardama shi ne ruwa nawa tankinka ke rasawa a rana, sannan ta wace hanya kalkwasar za ta shiga.

Lissafin da ake yi kafin a sayi komai

Hodar nan ba ta son narkewa. Lita guda ba ta ɗaukar fiye da giram 1.5 zuwa 1.7 a zafin ɗaki, kuma halinta saɓanin na sukari ne: ruwan sanyi ya fi narkar da ita, ruwan zafi ya fi ƙin ta. Masu ɗumama ruwa wai don ta narke da kyau, baya suke ja da kansu. Litar da ta ƙoshi tana ɗauke da kusan miligiram 800 na kalsiyam, alkaliniti kusan 114 dKH, pH ɗinta kuma wajen 12.4. Ko ka juye buhu guda a bokitin ba za ta wuce nan ba, sauran ƙasa zai kwanta.

Iyaka ta biyu ta fi ta farko ɗaure hannu. Kalkwasa ruwa ce marar gishiri, don haka ba ka da ikon zuba fiye da abin da iska ta sha daga tanki a ranar. Ka wuce haka, gishirin ruwanka ya ragu.

Ɗauki tankin nan mai lita 200, a ce yana rasa lita 3 kullum. Idan ka mayar da dukkan ukun da ƙosasshiyar kalkwasa, ka ba tankin kusan 1.7 dKH da miligiram 12 na kalsiyam a kowace lita. Ƙarshen ƙarfinta ke nan. Tanki mai murjani masu laushi da 'yan masu ƙashi kaɗan, wanda ke cin rabin dKH a rana, wannan ta ishe shi har da rara, sai ma ka rage mata ƙarfi. Wanda ya cika maƙil da murjani masu reshe irin su Acropora, yana iya cinye 2 ko 3 dKH kafin gobe war haka, kuma a nan kalkwasa ita kaɗai ba za ta kai ba ko wane kamfani ya yi ta.

Sanin lambobin biyu ba wuya. Ka ja layi a jikin gilashi daidai bakin ruwa, washegari ka cike da kofin awo, ka san abin da ke ƙafewa. Shi kuwa abin da murjani ke ci, ka dakatar da duk wani ƙari, ka gwada alkaliniti yau, ka sake gwadawa bayan kwana uku a daidai wannan sa'a, ka raba bambancin gida uku. Alkaliniti ake bi, ba kalsiyam ba, domin kalsiyam na da yawa a ruwan, wajen miligiram 420 a lita, har raguwar kwana uku takan ɓace cikin kuskuren kayan gwaji.

Hodar kanta

Kamfanonin kayan tanki irin su Seachem, Two Little Fishies da Brightwell duk suna sayar da tasu. Abin da ke cikin robar sinadari guda ne. Abin da kake saye shi ne kwanciyar hankali, hoda mai laushi da marfi mai kyau, kuma ga mai ƙaramin tanki da roba guda za ta kai shi watanni, wannan ba hasara ba ce. Sai dai kada rubutun "an ƙara magniziyam" ya ja ka. A pH 12 magniziyam ba ya zama a narke, laka yake komawa ya kwanta a gindin bokiti. Idan kana tsiyaye ruwan sama kawai, kamar yadda ya kamata, kusan babu abin da zai isa tanki daga cikinsa.

Sai hodar da ake sayarwa don sarrafa abinci, wadda lambarta a Turai E526, a Amurka kuma aka fi sanin samfurin Mrs. Wages. Tsofaffin hannu da dama sun yi shekaru suna amfani da irinta, murjaninsu na girma. An auna tsabtarta ne da cikin ɗan Adam, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya: ka duba bayan leda, ya kasance kalsiyam haidroksaid ne kaɗai aka rubuta, ba gishiri, ba wani haɗi. Ga mai babban tanki da ke haɗa lita 50 ko 100 a zama guda, ita zan nuna masa.

Hodar ɗakin gwaje-gwaje da ta haɗa magunguna sun fi kowacce tsabta, kuma lakar da suke bari kaɗan ce. Amfaninsu ya fi fitowa a na'urar da hoda ke kwana cikinta makonni, za mu zo kanta.

Akwai kuma kalsiyam oksaid, wato farar ƙasar da aka gasa ba a kashe ta da ruwa ba. Da ta taɓa ruwa take komawa haidroksaid, sakamakon ɗaya ne, kuma kashi uku cikin huɗu na nauyin hodar haidroksaid ya wadatar. Amma wajen rikiɗewar tana fitar da zafi sosai, ƙurarta kuma ta fi ci. Ɗan tsimin da za ka yi bai kai haɗarin ido ba.

Biyu ne zan ce a bar su inda suke. Farar ƙasar magina babu wanda ya yi maka alkawarin abin da ke cikinta, wata ma daga dutsen dolomait aka yi ta, cike da magniziyam da ba zai narke ba. Ta gona kuwa, wadda ake watsawa don rage tsamin ƙasa, galibi niƙaƙƙen dutse ne, kalsiyam kabonet. Ka kwana kana motsa ta, ruwan nan yana nan yadda yake.

Abin da ya sa na ce zaɓin hoda ba shi ne babba ba, kalkwasa tana wanke kanta. A wannan pH mai tsanani, ƙarafa masu cutar da murjani, musamman jan ƙarfe, mafi yawansu barin ruwa suke yi su bi laka. Muddin ka bari ta kwanta ka ɗebi na sama, tazarar da ke tsakanin hoda mai tsada da ta abinci ta tsuke. Ranar da ka fara zuba ta da farinta kuwa, duk dattin da ke cikin hodar ya bi ka tanki, kuma a ranar ne tsabta ke da daraja.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci ma shi ne sabunta. Hodar da aka bari a buɗe tana shan kabon dayoksaid daga iska a hankali, tana komawa alli. Ido ba ya ganewa, fara ce jiya, fara ce yau. Ka ɗebi kan cokali ka zuba a ɗan binega, wato ruwan khal. Mai kyau za ta narke shiru. In ka ga tana tafasa da kumfa, ta riga ta mutu ko ta kusa.

Yadda ake haɗawa

Ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, mai cire gishiri da ma'adinai daga ruwa, ake so. Ruwan famfo na ɗauke da kabonet da zai cinye wani kaso na hodar tun a bokiti, ban da fosfet da sauran tarkace. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne ƙaramin cokali 2 a galan na Amurka, wato lita 3.8, kusan rabin cokali ke nan a lita. Mai sikeli ya auna giram 1.5 zuwa 2. Idan yau ka fara, ka sa rabin haka, ka bi alkaliniti mako guda kafin ka ƙara.

Zuba hodar a hankali kusa da ruwa don kada ta tashi, da safar hannu da tabarau. Ba wasa ba ne wannan, ɗigo ɗaya a ido na iya yin lahani mai ɗorewa, in ya faru a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nemi likita. Motsa minti ɗaya ko biyu ya isa, ba tare da kaɗa iska a ciki ba. Kada ka kuskura ka sa dutsen kumfa, wanda ke hura iska cikin ruwa, kashe ta kake yi da hannunka. Rufe, ka bar ta sa'o'i, ko ta kwana.

Da safe in ka ɗaga marfi za ka ga hawa uku. A sama wani siririn ɓawo kamar gilashi, wanda in ka taɓa shi da tsinke zai tsage ya nutse. A tsakiya ruwa garau. A ƙasa farar laka. Na tsakiyan kake so. Ɓawon kuma ka ƙyale shi, shi ne murfin da ke hana iska cin sauran, shi ya sa kalkwasar da ke zaune a rufaffen mazubi ba a taɓa ta takan yi makonni da ƙarfinta. Bakin tiyon ɗiba ya tsaya 'yan santimita sama da laka. Mazubi kuwa roba mai kauri, ban da alminiyam, domin cin sa take yi.

Inda ake rabuwa: hanyar shiga

A nan ne tankuna ke gyaruwa, a nan suke lalacewa. Dalili kuwa, idan ka juye ƙosasshiyar kalkwasa da ta kai kashi 1.25 cikin ɗari na ruwan tanki a lokaci guda, wato lita biyu da rabi a tankinmu na 200, pH zai yi tsalle da fiye da 0.6 nan take. Ruwan teku yana wajen 8.1 zuwa 8.2, kuma da an haura 8.5 an shiga inda kalsiyam kabonet ke fara zubewa. Magana dai ɗaya ce, a hankali.

Mafi sauƙi ita ce jarka a sama da siririn tiyo mai ɗan makulli, tana ɗiga ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu. Dare ake sa ta, saboda da an kashe fitila gansakuka da murjani sun daina shan kabon dayoksaid, pH ya yi ta sauka har asuba, ita kuma ta tare shi. Tana aiki, kuma don gwada ko kalkwasa za ta karɓi tankinka babu kamarta. Aibinta gajiya. Makullin yakan toshe da alli, yau ɗigo ya tsaya, gobe ka buɗe ya yi gudu, kuma kullum sai ka cika. Wata uku ake yi a fara tsallake dare.

Ta biyu ita ce wadda ta fi jan mutane: a zuba kalkwasar a randar na'urar da ke cike ruwa da kanta. Ruwa ya ragu, makunni ya ji, famfo ya tashi. Ba ruwanka. Amma duba abin da ka yi, ka ɗaura abincin murjani a kan yanayi. Ranar zafi da fanka na kaɗawa tankin ya sha lita 4, ranar damshi ya sha 2, alkaliniti na lilo alhali cin murjani bai canza ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce na'urar ba ta san dalilin raguwar ruwa ba. Na'urar da ke cire datti ta hanyar kumfa ta yi ambaliya, ko ka ɗebi ruwa za ka saba wa sabon kifi ka manta ba ka kashe ta ba, ko alli ya maƙale makunni, duk ɗaya ne a wurinta, turawa za ta yi.

Ni da kaina na ɗanɗana. Na tashi da safe na tarar da tankin fari fat, ko dutsen da ke jingine da gilashi ba a gani, randar da na cika jiya kuma wayam. Makunni ne ya maƙale. Abin da na koya ranar, kuma ya cece ni, shi ne kada a firgita a hau canjin ruwa. A kashe hanyar shigar, a duba pH. In ya haura 8.6 a sauke shi da kaɗan kaɗan na ruwan soda marar zaƙi, wanda kabon dayoksaid ne zalla, ko farin binega kimanin mililita 1 ga kowace lita 4, a jira a sake aunawa. Farin kuwa alli ne, da kansa yake kwanciya cikin 'yan kwanaki. Kada ma ka gwada alkaliniti a lokacin, ƙwayoyin allin na narkewa a ruwan gwaji su ba ka lambar ƙarya mai tayar da hankali.

Ta uku ita ce zaɓina: famfon awo, irin mai matsa tiyo, wanda kake ce masa mililita kaza a sa'a kaza. Ka ba shi abin da bai kai mafi ƙarancin ƙafewar tankinka ba, a ce lita 2 cikin ukun nan, a rarrabe cikin dare ko cikin yini duka, ka bar na'urar cike ruwa ta ƙarasa da ruwa zalla. Yanzu alkaliniti na shiga daidai kullum, gishiri na tsaye, kuma ko wani abu ya lalace ɓarnar ba ta wuce abin da famfon ke iya turawa ba. Ka dai tabbata famfon na iya ɗaukar lita biyu ko uku a rana, domin ƙananan da aka yi don 'yan mililita sukan gaji da wuri.

Ta huɗu ita ce rufaffiyar na'ura mai motsa hoda, wadda ake kira da sunan Alf Jacob Nilsen ɗan ƙasar Norwe. Hoda na kwance a gindi, tataccen ruwa na shiga ta ƙasa, ƙosasshe na fita ta sama. Ga wanda ba shi da wurin ajiye babbar randa, ita ce mafita. Sai dai tana da yaudara guda: bayan makonni za ka ga farin abu a gindi ka ɗauka hoda ce, alhali alli ne da datti. Mai na'urar auna gudun lantarki a ruwa ya gwada abin da ke fita, ƙosasshiyar kalkwasa tana ba da wajen 10.3 mS/cm a digiri 25. In ya faɗi, a wanke a sa sabuwa. A kuma saita ta kada ta motsa daidai lokacin da ruwa ke wucewa, in ba haka ba laka za ta tura.

Ko wacce ka ɗauka, ɗigon ya sauka inda ruwa ke gudu sosai, a ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban in akwai, nesa da hita da bakin famfo, domin alli ya fi son kama wuri mai ɗumi. Bakin tiyo ya tsaya a sama da ruwa, kada ya toshe, kada kuma ya zuƙo da kansa.

In ta kasa

Akwai dabarar ƙara mata ƙarfi da binega mai kashi 5 cikin ɗari: mililita 12 a kowace lita, wato 45 a galan, a ƙara hodar zuwa cokali 3 a galan. Wannan na ƙara abin da ke narkewa da kusan rubu'i zuwa sulusi. Amma binega abincin bakteriya ne. Za su rage naitret, su kuma sha iskar oksijin, su fitar da kabon dayoksaid, ɗagawar pH ta ragu. Ga wanda pH ɗinsa ke yawan hawa wannan alheri ne, ga wanda ya zo kalkwasa don pH kuwa ya rage wa kansa riba. A fara da sulusin ma'aunin, in ruwa ya yi hazo ko yauƙi ya bayyana a gilashi a ja baya.

Bayan nan sai a nemi mataimaki. Haɗin ruwa biyu, kalsiyam kulorayid a gora ɗaya, sodiyam kabonet ko baikabonet a ɗaya, wanda hanyar Hans-Werner Balling ta shekarun 1990 ke cikin danginsa, ba ruwansa da ƙafewa, kuma kana iya gyara kowanne shi kaɗai. Gishiri yake tarawa a hankali, sai ana sa ido. Ita kuwa na'urar da ke narkar da tsakuwar murjani da kabon dayoksaid tana ɗaukar tanki komai cinsa, amma tana danne pH, shi ya sa da yawan masu ita ba sa yar da kalkwasa, suna barin ta tana ɗiga da dare.

Abu biyu kalkwasa ba ta yi. Ba ta gyara giɓi: in kalsiyam ya faɗi 340 alkaliniti na daidai, ka ce za ka ɗaga shi da ita, alkaliniti zai wuce gona da iri tun kalsiyam bai motsa ba, aikin kalsiyam kulorayid ne wannan. Ba ta kuma kawo magniziyam, alhali shi ne ke hana kalsiyam da kabonet haɗuwa su zube. Ka riƙa gwada shi ko sau ɗaya a wata, ka riƙe shi tsakanin miligiram 1250 da 1350 a lita, kuma ranar da za ka ƙara shi kada ka zuba a wurin da kalkwasa ke ɗiga.